Ciwon daji a Libiya: abin da jama'a ke zargi da abin da likitoci ke gani

Mene ne ke haddasa ciwon daji a Libiya? Idan ka jefa wannan tambaya a majalisar dattawa a Sabha, ko a shagon kofi a Turabulus, ba za ka rasa amsa ba. Wani zai ce bama-baman da jiragen NATO suka zuba a 2011 ne. Wani zai ce gwajin nukiliyar da Faransa ta yi a hamadar Aljeriya. Mutumin Jalu zai nuna maka wutar iskar gas da ke ci dare da rana a bayan garinsu, uwargida kuma ta ce abincin gwangwani ne da fulawar da ake shigowa da ita babu mai dubawa. Sai ka daɗe kana saurare kafin wani ya ambaci karan sigarin da ke hannunsa. Ƙiba da zama wuri ɗaya kuwa da wuya su shigo cikin hirar.

A watan Agustan 2022 wannan tsoro ya fito fili. Wata cibiyar gwaje-gwaje ta ce ta gano sinadarin buromet, wanda ake sa wa burodi don ya kumbura, a samfuran fulawa da burodi, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta musanta, har sai da ofishin babban mai gabatar da ƙara ya shiga maganar. 'Yan Nijeriya sun san wannan sinadari, shi ne wanda NAFDAC ta yaƙa a gidajen burodi zamanin Dora Akunyili. A ƙasar da kusan ba a cin abinci sai da burodi, hankalin kowa ya tashi, kuma suna da gaskiyarsu. Abin da ya dame ni shi ne, magidancin da ya hana 'ya'yansa burodi a wancan makon ya ci gaba da busa sigari a falon da yaran suke kallon talabijin, bai ga wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba.

Mene ne ciwon, kuma me ake nufi da sanadi?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ke rabuwa, su tsufa, su mutu, wasu su maye gurbinsu. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen tsarin da ke gaya mata lokacin rabuwa da lokacin tsayawa. Idan wannan tsari ya lalace, ƙwayar ta daina jin birki, sai ta yi ta hayayyafa har ta zama ƙari, daga nan ta ratsa naman da ke kusa, ta bi jini ta sauka a hanta ko ƙashi ko huhu. Wannan shi ne abin da muke kira daji, ko sankara, ko kansa. Cututtuka ne fiye da ɗari masu suna ɗaya, kowanne da halinsa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta jinya.

Inda ake yawan samun ruɗani shi ne kalmar sanadi. Sauro ya ciji mutum ya kamu da zazzaɓi, wannan sanadi ne da ake gani cikin kwanaki. Na daji yana tafiya ne a hankali, lalacewa kan lalacewa, shekara ashirin ko talatin. Shi ya sa likitoci suka fi cewa abu kaza yana ƙara haɗari. Za ka ga tsohon da ya sha sigari shekara hamsin ya mutu da huhunsa lafiya, ka ga matar da ba ta taɓa sha ba ta kamu. Mutane na kafa hujja da irin waɗannan, amma idan aka ƙirga mutum dubu masu sha da dubu marasa sha, bambancin ba ya ɓuya.

Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, tana kasa abubuwa gwargwadon ƙarfin hujja. A rukunin farko, na waɗanda aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam, akwai taba, giya, asbestos (wani ma'adini da ake yin rufin gini da shi), sinadarin benzin da ke cikin man fetur, da naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi. Buromet yana wani rukuni na ƙasa, na waɗanda ake zaton suna iya jawowa, domin hujjar ta fi yawa daga gwajin dabbobi. Wannan bai wanke shi ba, bai kamata ya shiga burodin kowa ba. Sai dai ya nuna cewa abin da ya girgiza ƙasa a 2022 bai kama ƙafar sigarin da ake saye a kowane kanti ba.

Wane iri ne ya fi kama 'yan Libiya?

Ƙasar tana da mutane kimanin miliyan 7. Ƙiyasin da cibiyar Liyon ta fitar na 2020 ya nuna sabbin masu kamuwa sama da 7,000 a shekara, masu mutuwa sama da 4,000. Ƙiyasi ne, domin ƙasar ta daɗe ba ta da cikakkiyar rajista guda da ta haɗa gabas da yamma da kudu. Rajistar da aka fi dogara da ita ita ce ta Bangazi, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 tare da taimakon masana daga Modena ta Italiya. Rahotonta na 2003 ya nuna cewa a maza dajin huhu ne kan gaba, sai na babban hanji. A mata na mama ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sai shi ma na babban hanji.

Wannan jeri yana magana da kansa. Huhu a maza sawun taba ne. Babban hanji da mama kuwa suna tafiya da irin abinci, nauyin jiki, motsi da canjin tsarin haihuwa. Kuma a lura da shekarar: 2003, shekara takwas kafin bam na farko na NATO ya faɗi.

Akwai kuma dalilin da mutane ba sa son ji saboda ba shi da wanda za a zarga, wato tsufa. A farkon shekarun 1960 matsakaicin tsawon rai a Libiya bai kai 50 ba, yau ya haura 70. Kakannin da ake cewa ba su san daji ba, da yawansu ƙyanda da tarin fuka da haihuwa sun ɗauke su kafin su kai shekarun da daji ke kamu, waɗanda ya kama kuma babu na'urar da za ta gano.

Bama-bamai, nukiliya da rijiyoyin mai: ina gaskiyar take?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma rashin adalci ne a ce wa mutanen Fezzan, yankin kudu maso yammacin Libiya, camfi suke yi. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, kuma zuwa 1966 ta yi gwaji 17 a hamadar Aljeriya, huɗu a sarari, sauran a cikin duwatsun In Ekker. Taswirar sojan Faransa da aka fallasa a 2014 ta nuna ƙurar ta bazu a faɗin Sahara da Afirka ta Yamma. Nijeriya ma ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Mutanen Gat, garin Libiya na kan iyakar Aljeriya, da ke ɗaruruwan kilomita daga wurin suna da haƙƙin tambaya.

Haka batun 2011. An yi zargin an yi amfani da harsasai masu ɗauke da ragowar yuraniyom, NATO ta musanta. A watan Maris na 2023 hukumar nukiliya ta duniya ta sanar da ɓacewar ganguna 10 na ɗanyen yuraniyom, kusan tan biyu da rabi, daga wani rumbu a kudancin ƙasar, daga baya dakarun da ke iko da gabashin ƙasar suka ce sun gano su. A yankin Wahat mai rijiyoyin mai kuma, mutanen Jalu da Aujila sun sha yin zanga-zanga kan hayaƙin gas da tafkunan gurɓataccen ruwan da kamfanonin mai ke bari. Benzin da ke cikin irin wannan hayaƙi an tabbatar yana jawo dajin jini.

Masu wannan ra'ayi suna cewa an mayar da ƙasarsu juji, sannan a dawo a ce laifin abincinsu ne. Likitocin da ke ɗaya ɓangaren ba su ce gurɓata muhalli ba ta da illa ba. Hujjarsu ita ce, tururin nukiliya yana barin sawun da aka sani, dajin jini da na maƙoshi a yara, kamar yadda aka gani bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, alhali abin da ya cika asibitocin Libiya huhu ne da hanji da mama, irin wanda ake gani a Tunisiya da sauran maƙwabta. A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Garuruwan mai da na kan iyaka sun cancanci a je a auna ƙasarsu da ruwansu, a ƙirga marasa lafiyarsu gida-gida, rashin yin hakan ne ya bar jita-jita ta zama ita ce rajista. Amma ga ɗan Misrata ko Zawiya mai shan kwali guda a rana, dogaro da labarin bam tamkar barin jaki ne a daki taiki.

Taba, wadda kowa ya sani amma ba a ɗauke ta da zafi ba

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ya gano kusan rabin mazan Libiya manya suna shan taba, mata kuwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Wannan rata kaɗai ta bayyana dalilin da ya sa dajin huhu ya zama ciwon maza a can.

Ba wai ba su san sigari na da illa ba. Ko yaro ya sani, an rubuta a jikin kwali. Abin da ya ɓace shi ne girman illar da faɗinta. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai kusan 70 masu jawo daji. Shi ne sanadin takwas zuwa tara cikin kowane goma na dajin huhu, da kusan rabin na mafitsara, domin gubar da ƙoda ta tace tana kwanciya a fitsari. Yana da hannu a dajin baki, maƙogwaro, ciki, hanji da bakin mahaifa. Mai fitsarin jini da wuya ya tuna da sigari, sai ya ce tsakuwar ƙoda ce.

Ka leƙa shagon kofi da safe a Turabulus. Samari tsaye a bakin titi, ƙaramin kofin makiyato, wato kofi mai ɗan madara, a hannu ɗaya, sigari a ɗayan, motoci a kunne. Da dare a koma shisha, wadda da yawa ke ɗauka sassauci ce saboda hayaƙin ya bi ta ruwa kuma yana ƙamshin tuffa. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, shi ya sa ma ake iya zuƙarsa har can ƙasan huhu na tsawon sa'a guda, ga gubar gawayi a kai. A kudu kuma akwai masu cusa garin taba haɗe da kanwa a baki, irin tabar gari da muka sani, wadda ke cin dasashi da harshe.

Matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba tana shaƙar na mijinta da na 'ya'yanta shekara talatin a ɗaki mai rufaffiyar taga da na'urar sanyaya iska. Idan ta kamu, dangi su ce ai ba ta sha, lallai baki ne ko sammu.

Libiya ta shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba tun 2005, kuma akwai dokar hana sha a wuraren taruwar jama'a. Doka kuwa sai da mai tsaron ta. Sigari na da arha, kuma wani kaso nasa ya daɗe yana shigowa ta fasa-ƙwauri daga tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ya ratsa Nijar ta Agadas da Dirku. Abin da ya kamata kowane mai sha ya ji shi ne, wanda ya daina, bayan kamar shekara 10 haɗarin mutuwarsa da dajin huhu yana raguwa zuwa wajen rabin na wanda ya ci gaba.

Kwanon abinci da kujerar mota

A nan ne gibin sani ya fi faɗi. Binciken 2009 ɗin ya nuna kusan mutum biyu cikin uku nauyinsu ya wuce ƙima, kuma wajen kashi 30 cikin ɗari suna da ƙiba sosai, mata sun fi yawa. Kowa ya san ƙiba na kawo ciwon suga da hawan jini. Kaɗan ne suka san an danganta ta da nau'in daji 13, ciki har da na babban hanji, na mahaifa, da na mama bayan ɗaukewar al'ada. Kitse ba ajiya kawai ba ne, yana fitar da sinadaran da ke ingiza ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. Kakanni sun rayu da sha'ir, dabino, man zaitun da doguwar tafiya. Kuɗin mai ya zo, gwamnatin Gaddafi ta saka tallafi a fulawa, shinkafa, taliya, suga da man girki. Litar fetur dinari 0.15, ta fi ruwan roba arha, don haka ko burodi za a sayo sai an tayar da mota. Shekarun yaƙi suka ƙara kulle mutane a gida, musamman mata, waɗanda dama wuraren motsa jikinsu ƙalilan ne.

Bazin da ake tuƙawa da garin sha'ir ba shi da laifi, sai dai naman rago da kitsen da ke kewaye da shi kullum. Shayin Libiya mai kumfa, wanda ake kurɓa zagaye uku, na ƙarshe da gyaɗa ko almon a ciki, suga ne tsababa. Akwai kuma gidid, naman layya da ake shafe wa gishiri a shanya, a soya a adana cikin mai. Binciken da aka yi a ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, ya alaƙanta yawan cin irinsa da tsohon man shanu tun yarinta da dajin bayan hanci, wanda ya fi yawa a Arewacin Afirka fiye da Turai. Babu mai cewa a bar abincin gado. Magana ce ta yawa da kuma kullum.

Tsarin iyali ma ya sauya. A shekarun 1970 mace na haihuwar bakwai ko fiye, yau tsakanin biyu da uku, aure kuma yakan kai kusan shekara 30. Haihuwa da wuri da doguwar shayarwa suna ɗan rage haɗarin dajin mama, don haka wannan sauyi yana cikin lissafi, ba tare da ya zama laifin kowace mace ba.

Gado da ƙwayoyin cuta

Daji na gado bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Auren zumunci ya yawaita a Libiya kuma yana ƙara wasu cututtukan gado, amma lahanin da ke jawo dajin mama na gado daga uwa ko uba ɗaya ma yana wucewa. Matar da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ko gwaggonta ta kamu tana ƙasa da 50 ita ce ya kamata ta fara zuwa gwaji da wuri.

Wasu nau'o'in kuma ƙwayar cuta ce mafarinsu: ciwon hanta nau'in B da C ga dajin hanta, wata ƙwayar ciki mai kawo gyambon ciki ga dajin tumbi, wata ƙwayar cuta mai suna HPV ga dajin bakin mahaifa. Libiya ta saka rigakafin HPV ga 'yan mata a jadawalinta na ƙasa tun 2013, ta riga yawancin ƙasashen Larabawa, sai dai iyaye da yawa ba su san allurar rigakafin daji ce aka yi wa 'yarsu ba.

Ciwon da ba a kiran sunansa

A gidaje da yawa ba a furta kalmar saraɗan, sunan daji da Larabci. Sai a ce "mugun ciwon nan" ko "wancan ciwon", a bi da neman tsari. Dangi kan roƙi likita kada ya gaya wa Hajja abin da ke damunta. Mace kan ji ƙullutu a mamanta tana wanka, ba ya zafi, ta yi shiru. Tana tsoron wuƙa, tana tsoron mijinta ya juya mata baya, tana tsoron a ce gidansu akwai ciwon har 'ya'yanta mata su rasa manema. Sai ta fara da zuma da habbatus sauda, a yi ruƙiyya, wani ya kawo shawarar nonon raƙumi da fitsarinsa. Akwai ma imanin cewa da ƙarfe ya taɓa ƙarin sai ya watsu, daidai da yadda ake cewa a ƙasar Hausa daji ba ya son allura.

Wani bincike da aka buga a 2012 kan mata 200 a cibiyar daji ta Sabrata ya gano cewa rabinsu sun shafe fiye da wata bakwai tsakanin ganin alama da gano ciwon, kuma kusan biyu cikin uku sun iso yana mataki na 3 ko na 4. Matsakaicin shekarunsu wajen 45 ne, iyaye masu ƙananan yara. Dajin mama da aka kama a mataki na farko mafi yawansa ana warkewa. Wadda ta zo a makare ta rasu bayan tiyata, sai unguwa ta ce aikin ne ya kashe ta, ta gaba ta ƙara jin tsoro. Addu'a da tawakkali ba su taɓa hana zuwa asibiti ba, kuma limaman Juma'a sun fi kowace takardar talla ikon faɗin haka.

Me ya sa wayar da kai ba ta kama jiki?

Duk Oktoba ana ɗaura kyalle ruwan hoda, ana laccoci a jami'o'i. Amma saƙo yana shiga ne gwargwadon yarda da mai kawo shi, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mutanen Bangazi ba su manta da yara fiye da 400 da suka kamu da cutar ƙanjamau a asibitin yara a ƙarshen shekarun 1990 ba. Tun 2014 ƙasar ta rabu tsakanin masu iko da gabas da masu iko da yamma. A 2025 ma an yi dambarwa kan shigo da magungunan daji daga Iraƙi, hukumar yaƙi da daji ta ƙasa ta nesanta kanta, har ministan lafiya ya rasa kujerarsa. Wanda ya ga wannan duka, idan hukuma ta ce masa burodi lafiya lau, sigarinsa ne matsala, sai ya fi gaskata abin da ya gani a Facebook.

Talaka ne ke biyan kuɗin wannan rashin yarda. Cibiyoyin Sabrata, Misrata, Turabulus, Bangazi da Sabha suna aiki, amma magani kan yanke ana tsakiyar jinya, na'urar gashi kan lalace. Mai hali ya nufi Safakis ko Tunis ta mota, ko Masar, Jodan da Turkiyya, a sayar da mota da gwal ɗin matar gida. Mutumin Murzuk ko Gat kuwa tafiyar ɗaruruwan kilomita ce kafin ya ga likitan daji.

Akwai kuma 'yan'uwanmu daga Kano, Damagaram, Maraɗi da Agadas da ke ci-rani a can. Su ne ke fasa tsofaffin gine-gine masu rufin asbestos babu abin rufe hanci, su ke fesa maganin ƙwari a gonaki da hannu tsirara, su ke fenti da ɗurin fetur a jarkoki. Yawancinsu ba su da takardun da za su ba su ƙarfin gwiwar shiga asibitin gwamnati, kuma babu rajistar da ke ƙirga su. Illar asbestos takan bayyana ne bayan shekara 20 zuwa 40, lokacin da mutum ya daɗe da komawa gida. Wanda ya yi irin wannan aiki a Libiya, idan tari ya ƙi warkewa bayan mako uku, ko ya ga jini a majina, fitsari ko bayan gida, ko yana ramewa babu dalili, ya gaya wa likita aikin da ya yi da shekarun da ya yi yana yinsa, ko da ba a tambaye shi ba.